Malam Kawo-Mu-Gani da Guntun Madubi

Kafin mai gadi ya gama zare sakatar ƙofar makaranta, za ka ji kukan sarƙar kekensa daga bakin titi. Keken ya tsufa, mai shi ma ya tsufa, amma har yau ba a samu wanda ya riga su isowa ba. Yakan jingine keken a gindin bishiyar da ke gaban ofis, ya tsaya ya tambayi mai gadi yadda gwiwarsa ta kwana, sannan ya kama doguwar barandar nan har aji na ƙarshe. Tagogi yake fara buɗewa, dukansu, har da wadda marfinta ya saki sai an tokare ta da guntun katako. Daga nan ya goge allo, ya jera alli, ya shiga tsakanin bencina yana sunkuyawa yana leƙe. Wanda bai san shi ba zai ɗauka shara yake dubawa. Ina! Kayan ɓarnar jiya yake nema: jirgin takarda, murfin kwalba da aka huda aka zura wa zare, bututun biro da aka mayar abin harbi. Duk wanda ya tsinta sai ya ɗaga shi sama, ya jujjuya, ya yi dariya shi kaɗai, ya jefa aljihu.

Sunansa na asali yana nan a ofis, amma ko abokan aikinsa sai sun yi ɗan tunani kafin su tuno shi. Yara da manya, har iyayen yara, Malam Kawo-mu-gani suke ce masa. Kimiyya yake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, shekara talatin da wani abu ke nan, kuma a ƙarshen wannan zangon zai ajiye alli ya tafi gida ya huta. Ba a taɓa kiransa wani taro an rataya masa lambar yabo ba, hotonsa bai taɓa fitowa a ko'ina ba. Shi ya sa ya dace a tsaya a faɗi abin da aka gani, tun yana raye yana jin kunyar a faɗa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji biyu ya san irinsu. Sun wuce a lallashe su da alewa, ba su kai a yi musu maganar manya ba. Ƙafafunsu sun yi wa wandonsu tsawo, muryar maza tana fashewa a tsakiyar magana, mata kuwa abu kaɗan sai ƙyalƙyala dariya. To, bar su sai bazara ta shigo. Da zarar sanyi ya yi sallama, bishiyoyi suka fara sabon ganye, tsuntsaye suka fara jigilar ciyawa zuwa ƙarƙashin rufin aji, sai ka rantse wani abu aka zuba musu a jini. Benci ya zama musu garwashi. A ɗakin malamai, lokacin nan ne ake yawan shan maganin ciwon kai, ana lissafin yaushe hutu zai zo. Shi kuwa Malam, lokacin nan ne yake zuwa aiki yana fito. Wata sabuwar malama ta taɓa tambayarsa yadda yake jure su, ya dube ta da mamaki na gaske, ya ce, "Jurewa kuma? 'Yata, duk shekara wannan watan nake jira. Da sanyi jikinsu kawai iyaye suke aiko mana. Yanzu ne yaran da kansu suke zuwa."

Dokar ajinsa guda ɗaya ce, kuma ita ta ba shi sunan. In ya kama yaro yana wasa, ba duka, ba kamun kunne, ba tsawa. Hannu zai miƙa ya ce, "Kawo mu gani." Yaro ya fito gaban allo da abin wasansa, Malam ya ba shi alli, shi kuma ya je ya cusa dogayen ƙafafunsa a mazaunin yaron, ya harɗe hannu. Sharaɗin shi ne ka koya wa aji wani abu na gaskiya game da abin nan da ya ɗauke maka hankali. Me ya sa jirginka ya yi nisa, na abokinka ya faɗi da hanci? In ka koyar, laifinka ya wanke, ka ɗauki abinka ka sa a jaka. In kana neman lokaci, yakan ba ka zuwa gobe. Amma in goben ta zo ka tsaya kana sosa ƙeya, shi da kansa zai raka ka ofis, kuma a nan ba ya jin roƙon kowa. Yara sun san wasan nan ba wasa ba ne, shi ya sa suke tsoronsa fiye da bulala, suke kuma neman a kama su.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a babban asibiti da har gobe take ba da labarin ranar da aka kama ta tana busa tsinken shan lemo da ta mayar usur. Ta fito gaban allo, ta rasa abin faɗa, sai ta ɗauki almakashi ta rage masa tsawo, ƙarar ta ƙara siranta. Ta sake ragewa, ta ƙara siranta. Malam ya daka tsalle daga benci yana cewa, "Sake! Sake mu ji!" Ta ce a ranar ta fara sanin cewa kanta yana aiki. Wani makanike da aka kama da katantanwa yana juyawa a kan littafi ya ce duk injin da ya gagare shi, muryar Malam yake ji tana cewa ya kawo a gani. Matar Malam kuwa shaidarta daban ce. Ta ce ta daina tsoma wandonsa a ruwa ba ta zazzage aljihu ba, tun ranar da ta zura hannu ta ji kwalin ashana yana motsi. "Malami aka ce mini na aura," in ji ta, "ashe ɗan aji biyu aka kawo mini."

Malam, kai ne wanda ka ɗauki abin da kowa ke kira iskanci, ka juya shi ka ga ƙofa a jikinsa. Kai ne mai zama a bencin yaro ba ka ji girmanka ya zube ba. Amma duk waɗannan tsofaffin labarai ne, Malam, kuma za ka ce an ƙara musu gishiri. Bari a faɗi na bana, wanda makaranta guda ta tsaya ta gani da idonta.

A ajin bana akwai wata yarinya da ake kira Tartsatsi. 'Yar siririya ce, idanunta ba sa zama wuri ɗaya, kuma duk abin da ya tashi a makarantar, in aka bi sawu, a bencinta yake ƙarewa. Ta fasa gilashin taga da ƙwallo. Ta ɗaure igiyar takalmin yara biyu wuri ɗaya. Ta kwaikwayi tafiyar sabuwar malama a bayanta har baiwar Allah ta fita tana kuka. Shugabar makaranta, mace mai adalci wadda haƙurinta ya kai bango, ta kira uban yarinyar ta yi mata gargaɗi na ƙarshe a gabansa: laifi ɗaya ya rage, daga shi sai kora. Uban, mai yankan gilashi ne a bakin kasuwa, ya ce ba sai an wahalar da takarda ba, ranar da aka sake kiransa zai tafi da 'yarsa shago, karatu ya ƙare.

Tartsatsi ta yi 'yan makonni tana tafiya a kan ƙa'ida. Sai bazara ta kankama, rana ta fara shigowa ta tagar da ke kusa da bencinta, ita kuma ta tsinci guntun madubi a shagon ubanta. Malam yana da sanƙo mai sheƙi. Sauran ba sai an faɗa ba. Yana juya baya zai yi rubutu, sai wani ɗigon haske ya fito daga bayan aji, ya hau bango, ya gangaro a hankali ya zauna daram a tsakiyar kansa, aji ya toshe baki yana shaƙewa. Shi kuwa yana sane. Yana ganin inuwar abin a jikin allo, amma ya yi shiru, don yana son ya ga ko mai hannun zai iya riƙe hasken wuri ɗaya in yana tafiya. Wannan son kallon nasa shi ya kusa jawo wa yarinyar asara.

Ran nan ana cikin farautar sanƙon, sai aka turo ƙofa. Shugaba ce. Tartsatsi ta firgita, hannunta ya goce, hasken ya tafi kai tsaye ya daki idon matar. Ta kare fuska, ta yi baya, tabaranta ya faɗi ƙasa. Babu wanda ya nuna kowa, amma babu bukata, don madubin yana hannun yarinyar, ita kuma ta yi tsuru-tsuru.

"Biyo ni ofis," in ji Shugaba.

Malam ya sunkuya ya ɗauko tabaran, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya juya ga yarinyar ya buɗe tafinsa. "Kawo mu gani."

"Baba Malam," Shugaba ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "na san dokarka, ina kuma girmama ta. Amma wannan ta wuce nan. A gaban ubanta na yi magana."

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai laifin nan a ajina aka yi shi, kuma ni aka nufa. Tun farkon mako ake bin kan nan nawa da haske ina gani na ƙyale, to ina da kaso a ciki. Ki bar ni in yi mata hukuncin ajina. Ki kira ubanta gobe ya zo ya gani. In ta kasa, ni zan riƙo hannunta in kawo miki, ba kuma zan ce uffan ba."

Shugaba ta san bai taɓa faɗin magana ya janye ba. Ta ce, "Gobe, kafin a tashi hutun ƙarfe tara. Daga nan babu wani gobe."

Da ta fita, Malam ya juya madubin a hannunsa, ya naɗe bakinsa mai kaifi da salatif, ya mayar wa yarinyar. Ya ce tun da laifin babba ne, darasin ma sai ya zama babba. A can ƙarshen ɗaya barandar akwai ɗakin ajiya, babu taga, ƙwan fitilarsa ya mutu tun ba a san yaushe ba. "Gobe ki kai mini hasken rana cikin ɗakin nan, ki kuma gaya wa aji yadda aka yi ya je."

"Malam, ai barandar ta karya sau biyu kafin a kai can."

"Na sani, 'yata. Ni ma ina bin ta kullum."

Da aka tashi, kowa ya watse, ita ta tsaya a tsakar makaranta da guntun madubinta. Malam ma bai tafi ba. Mai gadi ya ce ya zauna gindin bishiya ya kife kekensa yana gyaran sarƙar da babu abin da ya same ta, ido ɗaya na kan yarinyar. Ta harba haske cikin baranda, ya je ya mutu a bangon farko. Ta canja wuri, ya sake mutuwa a nan. Ta hau kan benci, ta durƙusa, ta kwanta, duk a banza. Can ta zo ta tsaya a kansa, idonta ya yi ja.

"Malam, ba ya lanƙwasa."

"To?"

"Sai dai in wani ya tsaya a bangon da wani madubin ya tare shi ya tura gaba. Wani kuma ya sake tarewa."

"Wa kike da shi?"

Ta sunkuyar da kai. Babu wanda ba ta taɓa ba a ajin nan, daga wanda ta ɓoye wa jaka sai wadda ta laƙaba wa suna. Ta ce, "Duk haushina suke ji."

"To kin san inda za ki fara," in ji Malam, ya ci gaba da murza fedar kekensa. Iyakar taimakon da ya yi mata ke nan, kuma Allah kaɗai ya san yadda bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Matarsa ta ce ranar ya dawo gida ya zauna gaban abinci har ya huce bai taɓa ba. A tsawon aikinsa ya raka yara ofis, ba su da yawa, amma yana tuna fuskar kowannensu, kuma bai so ya rufe aikinsa da wata ba.

Washegari uban ya iso da sassafe, fuska a murtuke, da kwali a hammata. Ya gaisa da Malam a daƙile ya ce ya zo tafiya da 'yarsa. Sannan ya dangwara kwalin a kan tebur. Guntayen madubi ne, manya da ƙanana, kowanne an goge bakinsa sumul. "Jiya ta roƙe ni na hana ta," ya ce yana kallon gefe. "Sai na ga in ta kwaso da kanta, 'ya'yan mutane za su yanke hannu. Shi ke nan dalili, kada ka ɗauka wani abu ne." Malam ya ce bai ɗauka komai ba, ya yi godiya.

Yadda ta yi da 'yan ajin, su kaɗai suka sani. An dai gan ta a bakin ƙofa tun da wuri tana tare su ɗaya bayan ɗaya, kanta a ƙasa, kuma an ga wata yarinya ta harare ta, ta wuce, ta dawo ta karɓi madubi. Kafin lokacin ya yi, aji ya fito gaba ɗaya. Ta tsayar da mai babban madubi a tsakar fili, ta sa wani a kusurwa ta farko, wata a ta biyu, na ƙarshe a bakin ɗakin ajiya, kowannensu ya tokare gwiwar hannu a kan kujera don kada ya yi rawa. Wasu ta ba su farar takarda su riƙa neman inda hasken ya faɗa. Wasu ta sa su tare hanya kada a gifta. Sauran ta raba musu dastocin goge allo ta ce su jira umarninta. Shugaba ta zo da makullin ɗakin ta buɗe, ciki baƙi ƙirin. Uban ya tsaya a gefe ya rungume hannu.

Haske ya tashi daga fili ya kai kusurwa ta farko. Da ƙyar da gumi aka kamo shi aka tura ta biyu. Ana cikin lallaɓa shi zuwa na ƙarshe, sai ya dushe, ya ɓace. Kowa ya ɗaga kai. Wani ƙaton girgije ne irin na bazara ya taho ya rufe rana ruf, kuma babu alamar yana sauri.

Shugaba ta dubi agogonta. Uban ya ja tsaki a hankali. Tartsatsi ta tsaya a tsakiyar baranda, ta ce, "Don Allah kada wanda ya motsa. In kuka motsa sai mun faro daga farko."

Abin da ya biyo baya shi ne abin da malaman makarantar nan ba su gama mamakinsa ba har yau. Waɗannan yaran, da ba sa iya zaman minti guda wani bai mintsini wani ba, suka tsaya cak. Babu dariya, babu raɗa. Ƙuda ya sauka a hancin yaron da ke kusurwa ta farko, ya ƙyale shi. Yarinyar kusurwa ta biyu, wadda Tartsatsi ta taɓa sa wa suna, hannunta ya gaji har hawaye ya zubo mata, amma ba ta sauke ba. Malamai suka fara leƙowa daga azuzuwa, don shirun ya yi yawa har ya tsorata su. Malam na jingine da bango yana kallo, tsigar jikinsa na tashi. Shekara talatin yana gaya wa mutane cewa yaran nan ba marasa natsuwa ba ne, abin tsayawa dominsa ne ba a ba su ba, amma shi kansa bai taɓa ganin maganarsa ta tsaya da ƙafafunta haka ba.

Mai buga ƙararrawa ya fito da ƙarfensa. Shugaba ta ɗaga masa hannu ya dakata.

Sai gefen girgijen ya yi fari. Yaron da ke fili ya karkata madubinsa kaɗan, don rana ta gusa daga inda ya bar ta. Haske ya daki kusurwa ta farko, ya faɗa ta biyu, ya tsallaka zuwa na ƙarshe. "Yanzu!" in ji Tartsatsi. Masu dasta suka hau bugawa, ƙurar alli ta tashi, sai ga hanyar hasken ta bayyana a iska, miƙaƙƙiya sambal, ta karya nan, ta karya can, ta shige ɗakin da rana ba ta taɓa shiga ba. Ihun da ya tashi, mai gadi ya ce har masu shaguna a bakin titi sun fito.

Hasken ya sauka a kan wasu kwalaye a bangon ciki, kuma sai a lokacin aka tuna abin da ake ajiyewa a ɗakin. Kayan wasan da malamai suka ƙwace ne shekara da shekaru: ƙwallaye da suka sace, danƙo, usur, 'yan motoci na waya, igiyar tsalle, duk ƙura ta rufe su. Ihun ya lafa a hankali.

Shugaba ta ce, "Saura bayani."

Yarinyar ta matso gaba. "Haske ba ya lanƙwasa, miƙe yake tafiya. In ya bugi madubi, yadda ya shigo ta wannan gefen haka yake fita ta wancan, kamar ƙwallo a jikin bango. Duk madubin da ya bi sai ya rage ƙarfi, shi ya sa na can ciki bai kai na fili haske ba. Rana kuma tafiya take yi, na farko ba ya hutawa, sai yana binta." Ta dubi 'yan ajinta. "Kuma ni kaɗai jiya na kasa."

Malam ya juya ga Shugaba, don hukuncin nata ne. Ta cire tabaranta ta goge, ta mayar, ta ce, "Koma aji. Amma in na sake ganin haske a idona, ke da Baba Malam zan haɗa in kora." Yara suka kwashe da dariya, ita ma ta kasa riƙe tata.

Uban ne bai yi dariya ba. Yana tsaye a bakin ɗakin ajiya yana kallon wata tsohuwar ƙwallo da ta lotse. Malam ya matso kusa da shi. Mutumin ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ni ma a aji biyu na tsaya, Malam, a wata makarantar. Da ƙwallo aka kama ni. Aka ƙwace, aka zane ni, aka ce in kira babana. Daga ranar ban sake zama a benci ba." Ya share fuska da tafin hannunsa mai tabon gilashi. "Babu wanda ya ce mini kawo mu gani." Ya kira 'yarsa, ya dafa kanta, ya ce ta bar madubin a makaranta, in suna son ƙari akwai a shago. Ya tafi shi kaɗai.

Malam, kai za ka ce ba ka yi komai ba, yarinya ce ta yi, da 'yan ajinta, da uban da ya goge bakin gilashi. Haka kake cewa kullum. Amma kai ne ka tsaya tsakanin yarinyar nan da ƙofar fita, ba da ƙarya ba, ba da roƙo ba, sai da amanar da ka ba ta cewa za ta iya. Kai ne ka riƙe bakinka lokacin da faɗin amsa ya fi sauƙi. Uban 'yan aji biyu, mai aljihu cike da tarkace, mutum nawa ne yau suke cin abinci da kansu saboda ka ƙi karɓe musu abin wasa? Kai ba ka ƙirga ba, su kuma ba su manta ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya ba matarka haƙurin zama da kai wuni guda a gida.

Ku kuma malamai, da iyaye, da duk mai yaro a hannunsa, ba a ce ku bar horo ba, shi ma bai bari ba. Amma gobe in kun kama ɗan wani da abu a ɓoye a ƙarƙashin benci, kafin hannu ya tashi, ku tsaya ku dubi abin. Wataƙila duk wayon da Allah Ya ba yaron a nan ya zuba shi.

A makon da ya wuce, Shugaba ta sa an kwashe kwalayen nan an kai ɗakin kimiyya, an wanke, an jera. A makon ne kuma Malam yana wucewa ta baranda da allinsa a hannu, ya ji hayaniya ta tashi a ajin sabuwar malama, wadda aka taɓa sa wa kuka. Ya rage tafiya, yana jiran tsawa. Sai ya ji muryarta, tana ɗan rawa, ta ce, "Kai, na baya. Kawo mu gani." Mai shara da ke wurin ta ce ya tsaya cak, ya dafa bango, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya goge idonsa da bayan hannu, ya leƙa ta taga, ya tambaya ko akwai sauran wuri a benci.